Duwatsun Azbin: Ƙasar da Hanya Ta Kauce Mata

Matafiyin da ya bar Agadas ya fuskanci arewa, ba zai daɗe ba zai ga baƙaƙen duwatsu sun taso masa daga cikin rairayi. Waɗannan su ne duwatsun Azbin, waɗanda Buzaye ke kira Ayar, a arewacin Jamhuriyar Nijar. Faɗinsu ya kai kimanin murabba'in kilomita 84,000, ƙololuwarsu kuwa tana kan tsaunin Bagzan, mita 2,022 sama da teku. A yau baƙi ƙalilan ne ke isa can, har mutum ya ɗauka wuri ne da tarihi bai taɓa rabar sa ba. Amma wanda ya shiga ya duba zai tarar da akasin haka: shekaru ɗaruruwa Azbin ta kasance tsakiyar hanya, kuma wani sashe na tarihin Hausawa yana kwance a cikin kwaruruwanta.

Shaida mafi tsufa a jikin dutse take. A Dabus, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, akwai siffar raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan fa. Babban cikinsu ya haura mita 5, kuma masana suna ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000. Mai sassaƙar ya fitar da rodi-rodin fatar ɗaya bayan ɗaya, aikin wanda ya san dabbar ido da ido. Raƙumin dawa kuwa ba ya rayuwa inda babu itatuwa, don haka zanen kansa yana gaya mana cewa ƙasar ta taɓa zama dausayi. A Tagalagal, kan tsaunin Bagzan, an tono sakainun tukwane da suka wuce shekara 9,000, suna cikin mafi tsufa da aka samu a Afirka.

Daga nan sai zamanin rubutu, inda labarin ya taɓo mu kai tsaye. A shekarar 1353 Ibn Battuta ya sauka a Takadda, yamma da duwatsun, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake narkawa a can, ya kuma ambaci Kubar cikin ƙasashen da ake kai shi. Masana da yawa sun tafi a kan cewa Gobir yake nufi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo cewa Gobirawa ne ke zaune a wannan ƙasa kafin Buzaye su rinjaye su, su kwararo kudu. Littafin Tarihin Kano kuma ya ce a zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Waɗannan ruwayoyi uku, daga marubuta da zamanai daban-daban, abu ɗaya suke nunawa: mutane da kaya sun daɗe suna kai da komo tsakanin duwatsun nan da biranenmu.

A wannan ƙarni ne aka kafa sarautar Azbin, wadda ta zauna a Agadas. Hasumiyar masallacin garin, ta laka ce mai tsawon mita 27, an fara gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844. Ilimi ma ya bi hanyar gishiri, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je Agadas neman karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Azbin a 1850, ya iske Hausa ta zama harshen ciniki a tsakanin Buzayen Kel Owi.

Wanda ke son ya ga girman abin da ya wuce, sai ya nufi Asode, tsakanin Timiya da Iferuwan. Babban birni ne a da, zango ga ayarin da ke tasowa daga Gat zuwa Damagaram da Kano. Yanzu kufai ne: katangun dutse marasa rufi, lunguna da babu mai bi, da ragowar babban masallaci. Asode ba ta mutu dare ɗaya ba. Bunƙasar Agadas ta fara janye mata fatake. Sannan Turawa suka karkatar da ciniki zuwa bakin teku, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da raƙumi ke ɗauko wa daga Tarabulus cikin watanni sai suka riƙa zuwa daga Ikko cikin kwanaki. Ƙarshen al'amari ya zo da yaƙin Kawusan, wanda ya yi wa sansanin Faransawa a Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917. Bayan an karya shi, Faransawa suka huce a kan jama'a, suka kashe malamai, suka kwashe mutanen duwatsu zuwa kudu. Asode ba ta sake tashi ba.

Duk da haka ƙasar ba ta zama kango ba. A Timiya, a gindin duwatsu, ana noman lemo da rumman da dabino da alkama, ana jan ruwa daga rijiyoyi da raƙumi ko sa. Har yanzu bayan damina ayarin gishiri na ƙetare Tanere zuwa Faci da Bilma, ya dawo da kantu da dabino, a kai su kudu a musanya da gero.

Abin da ke hana baƙi zuwa a yau sananne ne. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun bar nakiyoyi a wasu hanyoyi, sace-sacen Turawa kuma ya kori masu yawon buɗe ido. UNESCO ta sanya gandun Ayar da Tanere cikin kayan gadon duniya a 1991, amma shekara ɗaya kacal bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Inda babu mai zuwa, masu gadi da masu jagora ba su da abin dogaro, kufai kuwa ba ya tsare kansa: ana tsince kibiyoyin dutse da sakainu a sayar, iska da ambaliya suna cin sauran.

Ga ɗalibin tarihi darasin a fili yake. Nisan Azbin ba daga tsayin duwatsu ya zo ba, hanya ce ta kauce, sannan iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba littattafan makaranta gida biyu. Wanda ya karanta tarihin Gobir ya faro daga Alƙalawa kawai, ya ɗauko labarin daga tsakiya. Mafarinsa yana arewa, a Maranda da Takadda da kwaruruwan Bagzan, kuma da yawa daga cikinsa har yanzu yana ƙarƙashin ƙasa yana jiran masu tonowa.