Ranar da Gwamnatin Ayalan Ta Raba Ma'aikatunta ga Ƙananan Garuruwa

Da yawanmu mun tuna ce-ce-ku-cen da aka yi a watan Janairun 2024, lokacin da labari ya fito cewa Babban Bankin Najeriya zai mayar da wasu sassansa Legas, hukumar kula da filayen jiragen sama ta FAAN ma za ta kwashe hedikwatarta daga Abuja. Sanatocin Arewa da ƙungiyar ACF sun nuna rashin amincewa, mu kuma da muke zaune a Kudu muka tsinci kanmu a tsakiya, ana ta tambayarmu ra'ayi a kasuwa da majalisa. Kowa ya yi magana a kan wane yanki ne ya ci riba. Ba a cika tambayar me ke samun aikin ofis ɗin kansa idan aka tumɓuke shi daga inda ya saba ba. Akwai wata ƙasa da ta gwada wannan a babban mataki, tarihinta kuma ya isa a saurara.

Ayalan ƙaramar ƙasa ce a yammacin Ingila, babban birninta Dublin. Tun da daɗewa mutanen karkara suke kukan cewa komai na can: aiki, kuɗi, ma'aikatu, har 'ya'yansu da suka yi karatu can suke ƙarewa. Gwamnatoci sun ɗan taɓa abin a hankali. An kai ofishin fansho garin Sligo, na tallafin yara Letterkenny, wani ɓangare na masu karɓar haraji Limerick, ofishin ƙididdiga kuma Cork. Waɗannan sun zauna lafiya, domin yawancinsu aikin takardu ne da biyan kuɗi, wanda ba ya buƙatar ma'aikaci ya ga minista kullum.

Sai ranar 3 ga Disamba, 2003. Ministan kuɗi Charlie McCreevy, na gwamnatin Bertie Ahern, yana karanta kasafin kuɗi a majalisa, sai ya sanar da cewa za a kwashe ma'aikata 10,300 daga Dublin zuwa wurare 53 a gundumomi 25, cikin shekara uku. Ƙasar gundumomi 26 gare ta, wato ban da Dublin kowace gunduma ta samu rabonta. Wannan karon ba ƙananan ofisoshi kaɗai ba ne. Hedikwatar ma'aikatu takwas aka ce za su tashi: noma zuwa Portlaoise, ilimi zuwa Mullingar, tsaro zuwa Newbridge, muhalli zuwa Wexford, walwalar jama'a zuwa Drogheda, al'adu da wasanni da yawon buɗe ido zuwa Killarney, sadarwa zuwa Cavan, ta raya karkara kuma kusa da filin jirgin saman Knock.

A lura da inda aka yi sanarwar. Jawabin kasafin kuɗi sirri ne har sai an karanta shi, don haka ba a zauna da ma'aikata ba, ba a kuma fito da wani lissafi na abin da za a kashe da abin da za a samu ba. Ga shi saura wata shida a yi zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yunin 2004. Abin da ya fi ɗaure kai, shekara guda kafin nan, a 2002, gwamnatin da kanta ta fitar da tsarin raya ƙasa na shekara ashirin, inda ta zaɓi wasu garuruwa ƙalilan ta ce su za a zuba wa ƙarfi don su yi gogayya da Dublin. Da aka zo rabon ofisoshi, sai aka ajiye tsarin gefe, aka bi garuruwa ana yafa wa kowa kaɗan kamar rabon goron ɗaurin aure. Ƙaramin minista Tom Parlon, wanda gine-ginen gwamnati ke hannunsa, bai ma ɓoye murnarsa ba. Nan da nan aka kafa alluna a mazaɓarsa ana yi wa ma'aikata maraba da zuwa ƙasar Parlon.

To, allo ba ya ɗauke iyali. An ce ƙaurar ta ganin dama ce, ba za a tilasta wa kowa ba, kuma nan ne ƙullin ya fara warwarewa. Ka ɗauki ma'aikacin da ya shekara ashirin a Dublin, ya sayi gida da bashin banki, matarsa tana aiki a wani kamfani, yara suna makaranta, ga tsohuwa a unguwa ta gaba. Me zai kai shi wani gari da bai san kowa ba? Dubban mutane sun cike takardar neman ƙaura, amma da yawansu dama ba a Dublin suke ba, suna neman matsowa kusa da garinsu ne kawai. Waɗanda suka yarda kuma sau da yawa daga wata ma'aikatar daban suke. Sai ya zama kujera ta isa sabon gari, amma wanda ya san aikin kujerar ya tsaya a Dublin, an tura shi wani sashe yana koyon sabon aiki, wanda ya gaje shi shi ma yana koyo. Mutum biyu ke nan da suka iya aikinsu jiya, yau duk sun koma 'yan koyo.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ofisoshin ƙwararru. Sashen ba da agaji ga ƙasashen waje, Irish Aid, wanda ke aiki a ƙasashen Afirka irin su Habasha da Uganda da Tanzaniya, an mayar da shi Limerick, kuma ya rasa gogaggun ma'aikata masu yawa a hanya. Hukumar horar da masu neman aiki, FÁS, an ce ta koma Birr, ƙaramin gari a mazaɓar Parlon. Kaɗan ƙwarai daga ma'aikatanta suka amsa, rigima da ƙungiyar ƙwadago ta biyo baya, hedikwatar ba ta taɓa komawa ba. Ginin da aka so yi kusa da filin jirgin Knock kuwa hukumar tsara gine-gine ta hana izini, aka sauya wuri zuwa Charlestown, can ma ba a gina ba.

Akwai kuma matsalar da tun farko masu hankali suka hango. Majalisa tana Dublin, taron ministoci a Dublin, jakadu a Dublin. Minista ba zai zauna a Killarney, tafiyar awoyi, ana muhawara kan ma'aikatarsa a majalisa ba. Saboda haka ko ma'aikatun da suka tashi sai da suka riƙe ofis a babban birni, manyan jami'ai suka koma rayuwar kan titi, gwamnati tana biyan haya biyu da kuɗin tafiya.

McCreevy bai tsaya ganin ƙarshen shirinsa ba, domin a 2004 ya tafi Brussels ya zama kwamishina a Tarayyar Turai. Wa'adin shekara uku ya wuce ba a je ko'ina ba. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye a 2008 aka dakatar da yawancin abin da ya rage, sannan a Nuwamban 2011 sabuwar gwamnati ta soke shirin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan ne suka ƙaura, filaye da aka saya da tsada a wasu garuruwa suka zauna ciyawa tana cin su.

A gaskiya ba duka ne ya lalace ba. Hukumar gine-ginen gwamnati ta samu hedikwata a Trim, ma'aikatar tsaro ta zauna a Newbridge, kuma akwai iyalai da suka huta da cunkoso da tsadar hayar Dublin, akwai masu shaguna da suka samu ciniki. A ganina ra'ayin ba shi da laifi, gaggawa da rabon siyasa ne suka ci shi.

Mu a nan ƙaurarmu ta bi wata hanyar ce, daga tsohon babban birni zuwa sabo, kuma ba cikin shekara uku ba. Janar Murtala Muhammed ya sanar da Abuja a Fabrairun 1976, amma sai ranar 12 ga Disamba, 1991 Janar Babangida ya tare a can, ma'aikatu kuma suka ci gaba da biyo shi shekaru bayan haka. Duk da wannan jinkirin, wanda ya bi ta Ikoyi ya ga yadda tsohuwar sakatariyar tarayya ta tsaya shekara da shekaru ba kowa a ciki.