Jarumta babu kamewa: abin da ya kai Malam Abdullahi ɗan Fodiyo Kano

1/ Jiya da yamma muna jiran mota a Kwalkwalawa, gardama ta ɓarke tsakanina da abokina a kan wani ɗan ajinmu da ya ƙware a satar amsa. Wai yaron "mai hikima" ne. Na ce masa wayo dai. Tsohon zance ne wannan, jama'a. Ku biyo ni.

2/ Kusan shekara 2400 da suka wuce, a ƙasar Girka, Aflaton ya lissafa halaye huɗu da ya ce su ne ginshiƙin mutumin kirki da gari na kirki: hikima, jarumta, kamewa da adalci. Ɗalibinsa Aristotil ya ƙara da cewa kyakkyawan hali yana zaune ne a tsakiya, tsakanin wuce gona da iri da gazawa.

3/ Bayan an fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, malaman Musulunci suka tace wannan ilimi. Miskawaihi (ya rasu 1030) ya tsara shi a Tahzibul Akhlaƙ. Imam Gazali (ya rasu 1111) ya kawo huɗun nan a Ihya'u Ulumiddin, ya kira su iyayen halaye.

4/ Ga yadda Gazali ya auna su. Jarumta in ta yi yawa ta zama ganganci, in ta gaza ta zama ragwanci. Kamewa tana tsakanin haɗama da mutuwar zuciya. Hikima kuwa tana tsakanin wauta da wayon yaudara. Ka ji matsayin ɗan ajinmu ke nan. Adalci ne kaɗai ba ya yin yawa, kishiyarsa ɗaya ce: zalunci.

5/ Yanzu mu dawo gida. Shehu Usmanu da ƙaninsa Malam Abdullahi sun karanci Gazali, suna kuma kafa hujja da shi. A 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, kuma Malam Abdullahi ne ya jagoranci rundunar jama'a a Tafkin Kwatto. Wato ba wanda zai ce masa rago.

6/ Amma wajen 1807, ana tsakiyar yaƙi da Gobir, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Dalili? A Tazyinul Waraƙat ya koka cewa da yawan mutanen kirki sun rasu, waɗanda suka biyo baya kuma hankalinsu ya koma kan mulki, dukiya, dawakai da ƙwaraƙwarai.

7/ Ku lura fa, mutanen nan suna da jarumta, suna cin yaƙi. Kamewa ce ta yi ƙaranci, kuma da ta tafi sai adalci ya fara bin ta.

8/ Da ya isa Kano, mutanen gari suka tsayar da shi, suka roƙi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta Liya'ul Hukkam, daga baya ya komo gida. Alƙalawa ta faɗi a 1808.

9/ Abin da na fahimta shi ne huɗun nan ba a ɗaukar ɗaya a bar uku. Mai ƙwaƙwalwa babu adalci, ɗan damfara ne. Mai zuciya babu kamewa, ranar da ya samu iko sai ya cinye na kowa.

10/ Kuma wallahi da kaina nake. Mu da muke zagin shugabanni a nan kullum, wa aka taɓa damƙa wa kuɗin ƙungiyar ɗalibai ya mayar da canji cif? Daga nan ake farawa. Allah Ya gyara mana halayenmu, amin.