Daga mazari zuwa keken ɗinki: yadda makaranta ta sauya sana'ar mata a cikin gida

A Tambuwal, ko Kebbe, ko Fakku, idan hantsi ya yi yara sun tafi makaranta, a wasu gidajen za ka jiyo ƙarar keken ɗinki daga tsakar gida. Uwar gida ce ke haɗa rigar makaranta, ko hijabi, ko jakar hannu daga guntayen atamfa. Mutane da yawa na ɗauka haka muka taso muka tarar tun kaka da kakanni. To ba haka ba ne. Shekara 150 da suka wuce, ɗinki a ƙasar Hausa aikin maza ne, na mata kuwa kaɗi. Tambayar ita ce, ta yaya allura ta koma hannun mata? Kuma me ya haɗa wannan da zuwan yara makaranta?

Zamanin mazari

A ƙarni na 19, tufafi na cikin manyan abubuwan da Daular Sakkwato ta dogara da su. Heinrich Barth, Bajamushen da ya isa Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan saƙar Kano da ake kaiwa Timbuktu kaɗai sun kai lodin raƙumi 300 a shekara. A 1853 ya bi ta Sakkwato da Gwandu a hanyarsa ta zuwa can. Kasuwar Jega, wadda ba ta da nisa da Tambuwal, tana cikin manyan kasuwannin yammacin daular.

Aikin a rabe yake. Mace ce ke gurza auduga ta fid da angurya, ta shiɓe ta, sannan ta kaɗa zare da mazari tana shafa alli a yatsu. Namiji ya saƙa sirara-siraran sawaye, marina su rina da baba, maɗinki ya harhaɗa su ya zama riga. Aikin wuya, irin su aska biyu da aska takwas, galibi malamai da almajiransu ke yi. Masaniyar tarihi Colleen Kriger ta yi rubutu a 1993 kan wannan rabon aiki. Ribar ba ɗaya ba ce: ƙarshen aikin, wato rini da ɗinki da ado, ya fi kawo kuɗi, kuma yana hannun maza. Kaɗi ne ya fi cin lokaci, sai mata da dama sun haɗu kafin su wadatar da masaƙi ɗaya. Kada kuma mu manta, da yawa cikin masu noman audugar da masu kaɗin bayi ne.

Duk da haka kaɗi ya dace da mai goyo. Ba wuta, ba lalacewa, jariri ya yi kuka ki ajiye mazari ki ɗauke shi, in ya yi barci ki ci gaba daga inda kika tsaya. Ku riƙe wannan siffar, za mu sake cin karo da ita.

Jaka ma ta maza ce a lokacin. Majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da 'ya'yan bagaruwa. Abin da ke faruwa a kimiyyance shi ne, bagaruwa na ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke manne wa furotin ɗin da ke cikin fata, ya hana ƙwayoyin cuta ruɓar da ita. Jan launin kuma daga karan dafi ake samu. Dukawa su yanka su ɗinka zabira da gafaka da burgami da takalma. Irin wannan fatar ce fatake ke ƙetare hamada da ita, Turawa suna saye daga arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko.

Abin da ya kashe kaɗi

A 1902 masu masaƙu a Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da suke mulka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga ta fara fita, yadin kanti da zaren inji suka fara shigowa. Kaɗi bai mutu nan take ba. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, cike yake da zancen kaɗi. Amma da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano, zaren hannu ya kasa gogayya da na inji a farashi.

A daidai wannan lokacin wani abu kuma na faruwa. Bayan an hana bauta, kulle ya bazu har karkara, domin fita gona ana ganinsa aikin bayi ne. Wato mata da yawa sun koma cikin gida, sana'ar da ta fi dacewa da zaman gida kuma tana mutuwa. Mafita ita ce abinci da ƙananan kaya: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, ƙosai, daddawa, goro. A shari'a abin da mace ta samu nata ne, ciyarwa na kan miji, don haka da wannan kuɗin take biki, take tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Polly Hill, masaniyar tattalin arziki da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa bincike a 1969 kan wannan ciniki, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Ta kwatanta shi da saƙar zuma: kowane gida rumfa ne, amma ba ka ganin kasuwar. To wa ke haɗa rumfunan? Yara. Su ne masu talla, su ne 'yan aike, su ke sayo kayan haɗi su kawo canji.

Da boko ta zo ta ɗauke ƙafafun

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. A cikin shekarun nan ne Enid Schildkrout ke bincike a birnin Kano kan aikin yara. Abin da ta gano shi ne, samun matar da ke cikin kulle ya rataya ne ga ko tana da yaron da za ta aika. Wadda 'ya'yanta ke talla takan yi sana'ar abinci ko ciniki. Wadda ba ta da mai aike, ko nata na makaranta, takan koma irin su ɗinkin hula, wanda kuɗinsa bai kai ba.

Wannan ya sauya yadda ya kamata mu fahimci abin da ake kira ƙin boko. E, akwai batun addini da rashin yarda da abin da Bature ya kawo. Amma akwai lissafi ma. Ƙosai da safe ake cinsa, aji kuma da safe ake shiga. Yarinyar da ta tafi makaranta, tiren ranar ya tafi da ita, kuɗin da ake tara mata na kwano da katifa ya ragu. Ko makaranta kyauta ce, uwa ta biya da ribar da ta rasa.

Injin da ya zo daga nesa

Keken ɗinki ya daɗe a duniya kafin nan. Barthélemy Thimonnier ya ƙera nasa a Faransa a 1830, teloli suka fasa masa shago a Paris don tsoron rasa abinci. Elias Howe ya yi rajistar nasa a Amurka a 1846, Isaac Singer a 1851. A 1856 kamfanin Singer ya fara sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, abin da ya shigar da keken gidajen talakawa. Mu nan adashi ne ya fi yin wannan aikin.

Ga yadda yake aiki. Allurar hannu kafarta a gindi take, dole ta ratsa yadi gaba ɗaya ta fito. Ta keke kafarta a baki take, kusa da tsini. Idan ta huda yadi ta sauka da zaren sama, da ta fara komawa sai zaren ya ɗan saki ya yi lanƙwasa a ƙasa. Wata 'yar ƙugiya ta cafke lanƙwasar ta zagaya da ita bayan ɗan kwarkwaron da ke riƙe da zare na biyu. Zaren biyu su sarƙe a tsakiyar yadin, wasu 'yan haƙora su tura shi gaba, a sake. Shi ya sa idan ɗaurin zare ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, sai ka ga ɗinki ya cukurkuɗe ta ƙasa ko yadi ya tattare. Takawar ƙafa kuwa, sanda ce ke mayar da ita juyi, babbar ƙafar ƙarfen nan mai nauyi ta riƙe juyin kada ya tsaya tsakanin taku da taku. Ba ruwansa da wutar lantarki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a karkara.

Wajen 1860 kamfanin Wheeler da Wilson a Amurka ya gwada: rigar namiji ta ci sama da awa 14 da hannu, da keke kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Kamfani ne mai neman sayar da kayansa, amma ko an rage wani abu, tazarar na da yawa.

Keke ya shigo Arewa a zamanin mulkin mallaka ta kantunan Turawa, kuma hannun maza ya fara faɗawa, tunda dama ɗinki nasu ne. Abubuwa uku suka taimaka ya shiga ɗaki. Na farko, kekuna masu rahusa irin su Butterfly daga Sin. Na biyu, cibiyoyin koyar da mata sana'a, musamman daga 1987 da Maryam Babangida ta kafa shirinta na kyautata rayuwar matan karkara. Na uku, kayan matan kansu sun sauya. Zani da gyale ba sa neman tela sosai, amma riga da siket da doguwar riga da hijabi sai an auna, mata da yawa kuma sun fi sakewa mace 'yar'uwarsu ta auna su.

Me ya sa ɗinki ya fi jituwa da makaranta

Ku tuna siffar kaɗi. Keke ya gaje ta. Yadi ba ya tsami, ba ya hucewa. Mai kaya ita ke kawowa ko ta aiko, ita ke karɓa. Idan akwai aike, ana iya yinsa bayan an tashi makaranta, kafin Islamiyya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, wani ɓangare na aiken ma ya koma waya, yanzu har samfurin ɗinki ake turowa ta WhatsApp. Awannin da yara ke aji, waɗanda asara ne ga mai ƙosai, su ne lokacin da mai keke ta fi samun natsuwa.

Makarantar kuma da kanta kasuwa ce. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumba, 1999, aka yi masa doka a 2004. Kowane ɗalibi na buƙatar kayan makaranta, 'yan mata da hijabi, da jakar littattafai, yaro kuma girma yake yi, gwiwar wando na yagewa.

Jakar hannu ta bi wannan hanyar ne ta shigo. Keken gida na wahala da fata mai kauri, sai da babbar allura ko inji na musamman. Amma atamfa da roba mai kama da fata da soso da zif, duk yana ɗauka. Saboda haka jakar da mata ke yi a gida ba ta dukawa ba ce, sabuwar sana'a ce da ta tsiro daga ragowar yadin da da zubarwa ake yi. Wata fa'idarta, ba ta neman awo. Riga sai mai ita ta zo, jaka kuwa ana iya ɗinka goma a ajiye har a samu mai saye.

Inda gizo ke saƙar

Kada mu zuzuta. Keke na buƙatar jari da watanni na koyo, ƙosai kuwa kasko da wake. Kasuwar ɗinki ta lokaci ce: ƙarshen azumi da babbar salla da komawa makaranta da bukukuwan bayan kaka aiki ya yi yawa har a kwana ana yi, da damina kuma a zauna shiru. Masu kawo ɗinki dangi ne da maƙwabta, bashi ya yi yawa, tambaya kuma da nauyi. Ga gwanjo, ga ɗinkakkun kaya daga Sin. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL a 2007, yadin da ake saye a Kantin Kwari galibinsa na waje ne, farashinsa na bin dala. A ƙaramin gari kuma, idan mata ashirin suka koyi ɗinki lokaci guda, masu kawo ɗinkin ba su ƙaru ba.

Ba kuma a rabu da aikin yara kwata-kwata ba. Babbar 'ya ce ke riƙe ƙani, ta sa maɓalli, ta yi guga. Bambancin shi ne, wannan aikin ana iya matsar da shi zuwa yamma, tallan safe kuwa ba ya matsuwa.

Darasin da ke cikin wannan tarihin na masu tsara manufofi ne da mu duka. Duk mai son 'yan mata a kudancin Sakkwato su zauna a aji, sai ya fara tambaya: da me uwarsu ke samun kuɗi, kuma ƙarfe nawa sana'ar ke buƙatar yaro? Raba kekuna a gaban kyamara ba ya amsa wannan. Abin da zai amsa shi ne a ba telolin cikin gari kwangilar kayan makaranta maimakon a yo su daga birni, a samar da mai gyaran keke kusa, a kuma buɗe wa masu jaka hanyar kasuwar da ta wuce unguwarsu. Idan sana'ar uwa ta tsaya da ƙafarta ba tare da tiren safe ba, rabin gardamar zuwa makaranta ta ƙare tun a tsakar gida.