Dogon Nguru da katakon da ya kori azara

Masu tuna zamanin jirgin ƙasa a ƙasar Haɗejiya sukan yi magana kamar an shimfiɗa dogon ne don ya kwashe duk abin da ƙasar ke bayarwa. Ba haka abin yake ba. Layin da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, gyaɗa ya zo nema, sai fatu da ƙiraga. Turawa sun riga sun ga yadda gyaɗa ta cika tashar Kano tun daga 1912, shekara guda bayan isowar dogo, suka miƙa hannu gabas. Duba taswira: layin ya bi tudu ta arewacin kogin Haɗejiya, ya kauce wa fadamar da ruwa ke shafewa duk damina. Haɗejiya kanta ba ta samu tasha ba, Malam Madori ce ta zama ƙofarta, har aka tara dalar gyaɗa a can. Jahun kuwa tana kudu da kogi, sai jaki da raƙumi su kai buhunanta bakin sikeli.

To ina labarin itace? Yana cikin taragon da ke dawowa. Kafin dogo, rufin soro azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika samun galaba a kanta ba. Magini ya san iyakar tazarar da azara za ta ɗauki nauyin ƙasa ba ta lanƙwashe ba, shi ya sa ɗakuna ke da ƙunci, sai fa in an ɗaura baka. Taragon da ya sauke gyaɗa a Ikko ba ya hawowa wayam: yana ɗauke da gishiri, kananzir, kwanon rufi, da katakon dazuzzukan kudu. Kwano ba ya son azara, katako mai miƙewa yake so wanda ƙusa za ta shiga. Da kuɗin gyaɗa suka shiga hannu, attajiri ya fara rufin kwano, kafinta ya fara karɓe rabin aikin magini.

Wani zai ce ai jirgin ya ɗauki amfanin itatuwanmu, ga ƙaro nan da ake sauke wa kantuna a Nguru. Gaskiya ne, amma ƙaro tsinta ake yi a jikin dakwara, itacen na nan tsaye. Bai haifar da masu zarto ko injin tsaga ba. Wani kuma zai ce garin da dogo bai taɓa ba, kamar Jahun, me ya shafe shi? Kayan da aka sauke a tasha ba a tasha suke kwana ba. Dabbar da ta kai gyaɗa ita ke komowa da bandir ɗin kwano. Bambancin kawai, mutumin Jahun ya biya ladan dako sau biyu, tafiya da dawowa, na Malam Madori bai biya ba.

Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka busar da kayan da ke ciyar da layin, manyan motoci suka ɗauke ragowar. Buƙatar katako kuwa ba ta ragu ba, hanyar zuwansa ce ta koma kan kwalta, ta kasuwannin Kano. Sabon dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 yana da reshe zuwa Dutse, amma shi ma bai nufi fadama ba.