Ƙurajen wanka

ƙurajen wanka (suna, jam'i, tilo: ƙurjin wanka). Ƙananan ƙuraje jajaye masu ƙaiƙayi da ke fesowa a gindin gashin jiki bayan an yi wanka a ruwan da ba a kashe ƙwayoyin cutarsa ba. Ƙwayar da ke haddasa su, Pseudomonas aeruginosa, tana son ruwa mai ɗumi wanda ya kwana, irin na kwamin wankan ruwan zafi da wurin ninƙaya na otal. Zafi yana saurin cinye sinadarin kilorin, sai ƙwayar ta samu sarari ta hayayyafa.

Sukan fito cikin kwana 1 zuwa 4, wani ƙurjin da ɗan ruwan mugunya a kansa. Sun fi yawa a ƙugu da ɗuwawu da hammata, wato inda jiƙaƙƙen wando ko riga ya manne wa fata. Galibi sukan bushe da kansu cikin kwana 7 zuwa 10.

Misali: "Inna, kar ki bari ya sosa, ƙurajen wanka ne."

A ƙasar Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, inda yara ke wuni a kududdufi da gulbi da damina, kada a rikita su da ƙaiƙayin tsargiya, wanda tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi ke sawa. Yaron da ya fara fitsarin jini, ko zazzaɓi ya haɗu da ƙurajen, a kai shi asibiti.