Ƙungiyoyin Ƙwadago: Daga Ina Suka Taso, Ina Kuma Suka Dosa?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga birnin Kano, daga wani mai sauraronmu da ke sana'ar ɗinki a Titin Ibrahim Taiwo, daura da Kantin Kwari. Ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, ana yankar kuɗin ƙungiya daga albashinsa duk wata, har ranar da aka rufe masaƙar aka sallame su. Yanzu ga shi da keken ɗinki da yaran shago uku, babu ƙungiyar da ta san da zamansa. Shi ne yake so a ba shi tarihin ƙungiyoyin ƙwadago, da abin da ya karya lagonsu, kuma shin akwai hanyar da za su farfaɗo, ko kuwa zamaninsu ya wuce?

To, Malam mai tambaya, mun gode da wasiƙarka. Amsar tana da ɗan tsawo, sai ka gyara zama.

Da farko dai, haɗuwar masu sana'a ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, maƙera na da Sarkin Maƙera, mahauta na da Sarkin Pawa, wanzamai na da Sarkin Aska. Su ke sasanta rigima, su ke tara haraji, su ke isar da kuka ga fada. Amma ƙungiyar ƙwadago irin wadda kake nufi, wato ta masu sayar da ƙarfinsu don a biya su albashi, ita jirgin ƙasa ne ya kawo ta. Hanyar dogo ta iso Kano a shekarar 1911, aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka don akawuna da ma'aikatan reluwe da na kamfanonin Turawa, Fagge kuma ta ƙara cika da baƙi da 'yan dako da leburorin gyaɗa. Ƙungiyar farko a Nijeriya ita ce ta ma'aikatan gwamnati da aka kafa a Ikko a 1912. Sai a 1938 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar da ta halatta wa ƙungiyoyi yin rajista.

Ƙarfin ƙwadago ya fara bayyana sosai a 1945. Yaƙin duniya na biyu ya sa kaya sun yi tsada, albashi kuwa yana nan inda yake. A watan Yuni na wannan shekara ma'aikata suka tsunduma yajin aiki na gama-gari, Michael Imoudu na ƙungiyar reluwe yana kan gaba, aka shafe kimanin kwana 44. Jiragen ƙasa suka tsaya, gidan waya ya tsaya. Abin lura shi ne ba 'yan albashi kaɗai suka riƙe yajin ba. Matan kasuwa da sauran jama'ar gari sun tallafa musu da abinci da kuɗi, domin tsadar da ake kuka da ita ta shafi kowa. Daga baya gwamnati ta kafa kwamitin bincike, aka ƙara kuɗin tsadar rayuwa.

A nan Arewa, Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, da ƙungiyar malaman makaranta ya fara, wadda suka kafa a 1948, kafin a kafa jam'iyyar NEPU a Sabon Gari ranar 8 ga Agusta, 1950. Saboda haka a Kano, tun asali maganar ma'aikaci da maganar talaka tafiyarsu ɗaya.

Bayan samun mulkin kai masana'antu suka yawaita a Bompai, daga baya Sharaɗa da Chalawa suka biyo: masaƙu, majemu, kamfanonin man gyaɗa, na alewa, na roba, na kwanon sha. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa ma'aikata 'yan Kudu da yawa sun bar Kano, 'yan ƙasa suka maye gurabensu, yawancinsu mutanen karkara da tsofaffin almajirai. Da aka gama yaƙi, kwamitin Adebo ya ba da shawarar ƙarin albashi, amma wasu masu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa wajen biya. A 1971 ma'aikatan masana'antun Kano suka fito, daga wannan kamfani zuwa wancan, har sai da aka biya. Wani Ba'amurke mai bincike, Paul Lubeck, wanda ya zauna da waɗannan ma'aikata ya kuma wallafa littafi a kansu a 1986, ya nuna cewa leburorin da kansu ne suka shirya abin daga ƙasa, kuma cikin abubuwan da suka sha fafutuka a kai har da neman lokacin salla a bakin aiki. Wato ƙungiyar ta yi ƙarfi ne sa'ad da ta ɗauki abin da ke damun mutanenta da gaske.

To, daga nan sai gwamnati ta shigo. Titin nan da shagonka yake, an sa masa sunan Kanar Ibrahim Taiwo ne, gwamnan soja na Kwara da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairu, 1976, wanda ya ci ran Janar Murtala Muhammad. A wannan shekara ce gwamnatin soja ta kafa kotun bincike ta Adebiyi, wadda ta kai ga haramta wa wasu tsofaffin shugabannin ƙwadago riƙe muƙami, har da Imoudu. A 1978 aka narkar da ƙananan ƙungiyoyi wajen dubu, aka mai da su manya guda 42 a ƙarƙashin uwa ɗaya, wato NLC, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Doka ta kuma ce a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun daga tushe. Yankan da ka ce ana yi maka duk wata, asalinsa ke nan.

Wannan tsari ya yi amfani, ba shakka. Ƙungiyoyi sun sami kuɗi da ofisoshi da murya ɗaya. A 1980 gwamnatin PRP ta Alhaji Abubakar Rimi ta ba da hutun ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, a Jihar Kano, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. A watan Mayun 1981 ɗin NLC ta yi yajin gama-gari, aka sami dokar albashi mafi ƙanƙanta na Naira 125. To amma fa tsarin ya zo da wata cuta a ɓoye. Shugaban da kuɗi ke shigo masa ko bai taka ƙafa ya je wurin mambobi ba, a hankali sai ya daina zuwa. Kuma wanda ya gina gida shi ya san inda zai rushe shi. Gwamnatin Janar Babangida ta rushe shugabancin NLC a 1988 ta naɗa kantoma. Ta Janar Abacha ta maimaita a 1994 bayan yajin ma'aikatan mai, ta kuma tsare Frank Kokori na ƙungiyar NUPENG har 1998.

Amma abin da ya fi dokar soja illa shi ne mutuwar masana'antu, kuma kai ganau ne. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka gagara. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada, aka buɗe ƙofa ga kayan waje, fasa-ƙwauri ya ƙaru. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, na Kano ma suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ka leƙa Kantin Kwari ka duba atamfofin da ke jibge, ka ƙirga nawa aka saƙa a Kano, nawa suka fito daga ƙasar Sin. Ƙungiyar da aka gina a bakin ƙofar kamfani, in aka garƙame ƙofar, ina za ta tsaya? Daɗin daɗawa, a 2005 gwamnatin Obasanjo ta gyara doka, shiga ƙungiya ya zama ganin dama, aka kuma amince da TUC a matsayin uwar ƙungiya ta biyu.

Duk da haka ba a ce ƙarfin ya ƙare ba. A watan Janairun 2012, da aka ɗaga litar fetur daga Naira 65 zuwa kimanin 141, NLC da TUC suka kira yajin aiki, ƙasa ta tsaya cik. A Kano matasa suka mamaye shataletalen Silver Jubilee, Kiristoci na gadin Musulmi suna salla. Bayan mako guda aka sauko da farashi zuwa Naira 97, shugabannin ƙwadago suka janye yajin, jama'a da yawa kuwa suka ji an bar su a tsakiyar hanya. Wannan tabo bai gama warkewa ba. Da aka cire tallafin mai a 2023, an yi yajin aiki a Yunin 2024, aka sami albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000, Jihar Kano ta ce 71,000. Amma zanga-zangar tsadar rayuwa da ta girgiza Kano a Agustan 2024, ba 'yan ƙwadago ne suka jagorance ta ba.

Yanzu ga zuciyar maganar. Dokar albashi mafi ƙanƙanta ba ta hau kan wurin aikin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. To, shago nawa ne daga Fagge zuwa Sabon Gari ke da mutum 25? Ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin aikin ofis ko kamfani mai tsari. Teloli ne, da 'yan dako, da yaran shago, da masu gyaran waya, da direbobi, da mata masu sana'a a cikin gida. Ma'aikata ba su ragu ba, wurin zamansu ne ya canja, ƙungiyoyi kuwa ba su bi su ba. Kuma ƙarfi yana wurinsu. A Fabrairun 2021 da Janairun 2022, da 'yan Adaidaita Sahu suka ajiye aiki kan harajin da hukumar KAROTA ke karɓa, ai ka ga yadda Kanawa suka koma tafiyar ƙasa, kasuwanni suka yi sanyi.

Saboda haka masana harkar ƙwadago suna ganin hanyar farfaɗowa ta farko ita ce ƙungiya ta fito titi ta nemi mambobi. An gwada a wasu wurare ya yi. A birnin Ahmedabad na Indiya, wanda shi ma garin masaƙu ne da suka durƙushe, wata lauya mai suna Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a 1972 don mata masu zaman kansu, 'yan talla da masu ɗinki da masu dako. Ta haɗa musu banki da inshora, yau mambobinta sun haura miliyan biyu. A nan gida ma ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda Adams Oshiomhole ya fito daga cikinta, ta buɗe ƙofa ga teloli masu zaman kansu, a 2010 kuma aka ƙaddamar da FIWON, tarayyar ƙungiyoyin masu ƙananan sana'o'i. Ka ga ashe tsohuwar ƙungiyarka tana da gurbinka, in ka neme ta.

Ta biyu, abin da ake nema ya dace da sabon mamba. Tela ba shi da manajan da zai nema wa ƙarin albashi. Abokan cinikin ƙungiyarsa su ne hukumar haraji, da ƙaramar hukuma, da kamfanin wuta, da mai shago. Kukansa harajin da ake karɓa sau biyu sau uku, da kuɗin wutar da bai sha ba, da tashin haya babu sanarwa, da rashin abin dogaro ranar ciwo ko tsufa. Ƙungiyar da ta haɗa adashi da asusun lafiya da sayen zare da yadi a sari, ta kuma tsaya wa ɗanta in an kama shi ba bisa ƙa'ida ba, ba sai an roƙi mutane su shige ta ba.

Ta uku, gaskiya wajen kuɗi da zaɓe. Mamban da zai zaro kuɗi daga aljihunsa da hannunsa, dole a karanta masa abin da ya shigo da abin da ya fita, a yi zaɓe a kan lokaci, shugaba kuma kada ya zama ɗan amshin shatan gwamna ko ɗan takara. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. NLC da kanta ta dare biyu bayan zaɓen 2015, ba ta sake haɗewa ba sai a 2020, kuma ba ma'aikaci ne ya ci ribar wannan rabuwa ba.

Ta huɗu, waɗanda ke sauran kamfanonin Sharaɗa da Chalawa a matsayin ma'aikatan wucin gadi su san haƙƙinsu. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, akwai kuma kotun ma'aikata ta musamman da ke da reshe a Kano.

Sai dai, Malam, akwai wata magana da ba za mu ɓoye maka ba. Yau kai ne maigida a wurin yaran nan uku na shagonka. Duk ƙungiyar da za ku kafa, in ta kare mai keke ta manta da yaron da ke guga da sa maɓalli, to ta maimaita laifin da kake kuka da shi.

A taƙaice, zamanin ƙungiyoyin ƙwadago bai wuce ba. Abin da ya wuce shi ne zamanin zama a ofis ana jiran kuɗi su shigo daga ofishin biyan albashi. A 1945 da 1971 da 2012, duk sa'ad da aka ji tsoron ƙwadago, to jama'ar gari na tare da su. Dokar rajistar ƙungiyar ma'aikata mutum 50 ta nema a matsayin mafi ƙaranci. Ka fito ƙofar shagonka gobe da safe ka ƙirga telolin da ke layinku kaɗai.