Sukur: Garin Kan Dutse da Ya Fara Sanya Najeriya Cikin Jerin Wuraren Tarihi na Duniya

Sukur ƙaramin gari ne a kan tsaunukan Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, daf da iyakar Najeriya da Kamaru. Mutanen garin suna kiran kansu da harshensu da sunan Sakun. A shekarar 1999 Hukumar Raya Ilimi, Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na farko a Najeriya da ya sami wannan matsayi, kafin dajin Osun da ke Osogbo ya biyo baya a 2005.

Abin da ya bambanta Sukur da wasu wuraren tarihi shi ne ba kufai ba ne. Har yau jama'a na zaune a cikinsa, suna noma gonakin da kakanninsu suka gina, suna kuma bin hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu tun ƙarnuka da suka shige.

Wuri da jama'a

Tsaunin ya haura mita 1,000 daga doron teku. Filin da UNESCO ta amince da shi ya kai kimanin hekta 764, ban da yankin kariya da ke kewaye da shi. Garin ya kasu biyu: Sukur Sama, inda fada da tsofaffin unguwanni suke, da Sukur Ƙasa a gindin dutse, inda mutane da dama suka sauko saboda kusanci da kasuwa, makaranta da hanyar mota. Waɗannan sunaye biyu shaida ce ta yadda Hausa ta zama harshen hulɗa a yankin. Shi kansa harshen Sakun ɗan gidan harsunan Cadi ne kamar Hausa, ko da yake reshensu daban, kuma mai jin ɗaya ba ya fahimtar ɗayan.

A cikin jama'ar akwai Kiristoci, akwai Musulmi, akwai kuma masu riƙe da addinin gargajiya.

Hidi da tsarin shugabanci

Sarkin Sukur shi ake kira Hidi. Zuriyar Dur ce ke riƙe da sarautar, kuma bayanan UNESCO sun danganta kafuwarta da ƙarni na 17. Hidi ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Yana da masu riƙe da muƙamai daga zuriyoyi daban-daban, wasu masu ba da shawara, wasu masu kula da wuraren tsafi da bukukuwa, wasu kuma masu isar da saƙo zuwa unguwanni. Wannan rabon aiki ya sa kowace zuriya tana da abin da take riƙe da shi a harkar gari.

Fadar Hidi gini ne na duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba. Tana da katanga, ƙofofi masu dogayen duwatsu a tsaye, wurin zaman shari'a, rumbuna da garken sa. Labarin baka ya ce wasu ƙattai biyu ne suka yi manyan gine-ginen. Masu bincike kuwa suna ganin aikin gayya ne na al'ummar da ke da wadata da tsari.

Gonaki, hanyoyi da aikin gayya

Noma a gangaren dutse ba ya yiwuwa sai an tare ƙasa. Saboda haka mutanen Sukur suka mai da tsaunin hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu da ke hana ruwan sama kwashe ƙasa. A nan ake shuka dawa, gero, wake da gyaɗa. A cikin gidaje akwai ramukan dutse da ake turke bijimai a yi musu kiwo har su yi ƙiba, takinsu kuma ya koma gona.

Hanyoyin da ke hawa daga ƙasa zuwa fada an shimfiɗe su da faffaɗan duwatsu. Kowace damina ruwa yana kwance wani ɓangare, don haka gyaran hanya da na fada aiki ne da jama'a ke haɗuwa su yi. Bukukuwa ma suna cikin wannan tsari. Akwai Ber, bikin shigar samari sahun manya, da Yawal, bikin da ke da alaƙa da Hidi da gidansa. A irin waɗannan lokuta ne ake koya wa matasa waƙoƙi, dokokin gari da haƙƙin da ke kansu.

Arzikin ƙarfe

Ƙarfe ne ya ɗaukaka sunan Sukur. Bayan ruwan sama, mutane kan tattara baƙin yashi mai ɗauke da tama a cikin rafuka, su narkar da shi da gawayi da zugazugi a matoyar da aka gina kusa da gida. Manoma da yawa sun iya narkarwa, amma ƙira sana'ar wasu zuriyoyi ce ta musamman, waɗanda matansu ke ginin tukwane. Sandunan ƙarfe sun yi aikin kuɗi, ana biyan sadaki da su, fatake kuma suna zuwa daga ƙasar Borno su saya.

Sana'ar ta durƙushe a wajejen 1960, lokacin da tarkacen motoci da ƙarfen ƙasashen waje suka cika kasuwanni da araha. Daga nan samari suka fara fita cin rani da neman aiki a filayen ƙasa da birane.

Jarrabawar tarihi

Sukur ya ga mulki iri-iri. A farkon ƙarni na 20 yankin yana cikin Kamarun Jamus. A wancan zamani Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya riƙa kai hare-haren kama bayi kan mutanen duwatsu, har da Sukur, kamar yadda ya rubuta a kundinsa na yau da kullum na 1912 zuwa 1927. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, yankin ya shiga Najeriya a matsayin Lardin Sardauna, daga baya ya kasance cikin Jihar Arewa maso Gabas, sannan Gongola a 1976, sai Adamawa a 1991.

A shekarun 1990 masu bincike Nicholas David da Judy Sterner sun zauna a garin suna nazarin tarihinsa da al'adunsa. Ayyukansu, tare da na Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, sun taimaka wajen samun amincewar UNESCO.

Jarrabawa mafi kusa ita ce ta 2014. Bayan mayaƙan Boko Haram sun mamaye Madagali da Gulak, sun hau Sukur a watan Disamba, suka ƙona gidaje da sassan fada, suka kwashe dabbobi da hatsi. Jama'a sun watse, kuma bayan sojoji sun ƙwato yankin a 2015 sai suka riƙa komowa suna sake ɗora jinka da kansu.

Halin da ake ciki

A 2018 Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya ya sanya Sukur cikin wuraren da ke buƙatar kulawar gaggawa. A 2024 gwamnatin Amurka ta rattaba hannu kan wani tallafi domin adana bayanai da gyaran wurin, tare da haɗin gwiwar hukumomi da jami'o'in Najeriya.

Duk da haka, matsalolin ba na kuɗi kaɗai ba ne. Rashin tsaro ya rage masu yawon buɗe ido. Zaizayar ƙasa na cin gonakin da masu su suka bari. Kwanon rufi da bulon siminti suna maye gurbin jinka da dutse, domin sun fi jure wuta da sauƙin kulawa. Mazauna Sukur Sama kuma suna buƙatar ruwan sha, asibiti da makaranta kamar kowane ɗan ƙasa, kuma rashinsu na ƙara tura matasa zuwa gindin dutse.

A nan ne batun adana tarihi ya haɗu da na jin daɗin jama'a. Katangar gona tana tsayawa ne idan akwai manomin da zai mai da dutsen da ya faɗi, hanya kuma tana ɗorewa idan akwai samarin da za su fito gayya bayan damina. Matuƙar ana son Sukur ya ci gaba da riƙe matsayin da ya samu a 1999, wajibi ne zama a kan tsaunin ya kasance abin da mai iyali zai iya zaɓa cikin kwanciyar hankali.